Amfilifayar jitar bes mara nauyi: tambayoyin da makaɗan Sakkwato suka fi yi

Masu kaɗa jitar bes a Sakkwato ba su da yawa, amma kusan duk wanda ka zanta da shi kukansa ɗaya ne, wato dakon kaya. Mai kalangu ya rataya abinsa ya haye kabu-kabu, mai fiyano ya rungumi nasa, mai bes kuwa sai ya nemo ƙarti biyu da keke napep kafin ya bar ƙofar gida. Ga tambayoyin da yara masu tasowa suke yawan kawo mini, na coci da na ƙungiyoyin biki da ɗaliban jami'a.

Maigida, wai me ya sa kayan bes suka fi na kowa nauyi?

Saboda sauti mai kauri iska mai yawa yake turawa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita mai tsirkiya 4 tana kaɗawa kusan sau 41 ne kacal a daƙiƙa, ta mai tsirkiya 5 kuma kusan sau 31. Kafin kunne ya ji irin wannan sauti daga nesa, sai sifika mai faɗi, da maganaɗisu babba a bayanta, da akwati mai ciki, da wuta mai ƙarfi. Tsofaffin amfilifayoyi kuma, wato na'urorin da ke ƙara wa sautin jita ƙarfi, suna ɗauke da tiransifoma na ƙarfe da jan waya, shi ne yake karya kafaɗa. Ampeg SVT da ta fito a 1969, mai wat 300, kanta kaɗai, wato ɓangaren na'urar da ake jonawa da akwatin sifika, kimanin kilo 40 ne, akwatinta mai sifika 8 kuma ya fi shi nauyi. Ka haɗa su, ka samu kusan buhun gero cikakke mai kilo 100. Turawan da suka yi yayinta suna da motar kaya da yaran ɗauka. Kai kuma kana da ɗan kabu-kabu da ke jiranka a bakin titi yana danna ham.

To me ya canza har ake samun mai wat 500 da ake sakawa a jakar goyo?

Abu biyu. Na farko, irin amfilifayar da ake kira Class D. Ita wutar ba ta kwarara a cikinta kullum. Kunnawa da kashewa take yi da sauri ƙwarai, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha yana isa ga sifika, kaɗan ne ke zama zafi. Tsohon salo kusan rabin wutar a zafi yake tafiya, shi ya sa ake lafta masa ƙarafan sanyaya. An kuma sauya babban tiransifoman nan da ƙaramin tsarin wuta irin na cajar kwamfuta. Little Mark ta kamfanin Markbass na Italiya tana ba da wat 500, ba ta kai kilo 3 ba. Trace Elliot ELF da TC Electronic BAM200 kowacce wat 200 ce, kuma babu wadda ta kai kilo 1.

Na biyu, maganaɗisun neodymium, wanda aka gano a farkon shekarun 1980. Ɗan ƙarami daga cikinsa yana yin aikin katon baƙin maganaɗisun da muka saba gani a bayan sifika. Aibinsa tsada. Mafi yawan ma'adinin daga Sin yake fitowa, kuma a 2011 da ƙasar ta taƙaita fitar da shi, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, sifikun ma suka bi.

An ce mara nauyi ba ta da kauri, sautinta sirit yake. Gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki, amma galibi ba kan amfilifayar ke da laifi ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya sayar da akwati mai sifika 4, ya sayo mai sifika 1, ya je filin biki ya ji abin ya rame, sai ya ɗora wa sabuwar fasaha laifi. Ɗauki ƙaramin kai na zamani ka jona shi da tsohon akwatinka, ka ga ko akwai wanda zai gane a cikin masu rawa.

Injiniyoyin sauti suna da wata ƙa'ida da ake jingina wa Hofmann: akwati ƙarami, sauti mai zurfi, da ƙara ba tare da shan wuta da yawa ba, biyu kaɗai za ka samu a cikin ukun nan. Har yau babu kamfanin da ya tsallake ta. Don haka shawarata a kullum ita ce ka rage nauyi ta wajen kai yadda ka ga dama, can ba ka asarar komai, amma in ka zo kan sifika ka yi taka-tsantsan.

Gaskiya ne tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, irin na tsohon rediyo, tana da wani ɗumin sauti idan aka matsa mata. Ina son sa. Amma ban ga wanda zai biya ka ƙarin kuɗi a wurin kamu saboda shi ba.

Wat nawa zai ishe ni?

Ya danganta da inda kake wasa da kuma wanda kake wasa da shi. Atisaye a ɗaki, ko ƙaramin coci babu ganguna, wat 40 zuwa 100 ya wadatar. Da zarar an kawo mai gangunan bature, nemi 200 zuwa 300. A fili kuwa, idan babu manyan lasifikun da za su ɗauke ka, 500 ba ta yi yawa ba.

Sai dai kada lambar ta ruɗe ka. Ninka wat sau 2 yana ƙara desibel 3 ne kawai a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan ƙari da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai wuta ta ninku kusan sau 10. Ke nan tsakanin mai 300 da mai 500 tazarar ba ta kai yadda mai shago zai zuzuta maka ba. Ƙara sifika ta biyu ya fi ƙara wat amfani. Kuma ka duba ko an rubuta RMS kusa da lambar, shi ne ke nuna ainihin ƙarfin da take iya riƙewa. In ka ga PMPO da wasu dubbai a jikin kwali, ado ne kawai.

Wadda take haɗe da sifikarta zan saya, ko kai daban akwati daban?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta a zauna a kanta, don amsar tana bin yadda kake zuwa wurin aiki.

Haɗaɗɗiya ba ta da rigima: ɗauka ɗaya, jona wuta, kaɗa. Fender Rumble 100 kusan kilo 10 ce, da sifika mai inci 12. Wannan za ka iya ɗora ta a cinya a bayan babur daga Mabera zuwa Arkilla, jita na goye a bayanka, ko da yake ban ce ka mayar da hakan ɗabi'a ba. Rumble 500 kuma tana da sifika 2 masu inci 10, nauyinta kilo 16 da rabi, hannu ɗaya ke ɗaukarta zuwa cikin keke. Amma lura, ita kaɗai wat 350 take bayarwa. Sai ka jona mata ƙarin akwati take cika 500.

Kai daban kuwa yana ba ka 'yanci. Idan an gayyace ku Tambuwal ko Illela, kuma ka san mai kayan sauti na can yana da akwati, sai ka jefa kan a jaka ka hau mota kamar kowane fasinja, ba ciniki da kwandasta a kan kuɗin kaya. Idan kan ya lalace, akwatinka na nan, ka ari na wani. Idan sifika ta yage, kan na nan. A haɗaɗɗiya kuwa, ɓangare ɗaya ya kwanta, duka sun tafi wurin mai gyara.

Ni dai ga wanda ya ɗauki abin sana'a, na fi son ƙaramin kai da akwatuna 2 iri ɗaya, kowanne mai om 8 (za ka ga an rubuta a bayansa, bayani na tafe). Ƙaramin taro ka ɗauki ɗaya, babba ka ɗauki biyu ka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Ba sai ka saya a rana ɗaya ba. Fara da guda, na biyun ya biyo bayan kakar bukukuwa. Ga ɗalibi ko mai wasa a coci ɗaya duk Lahadi, haɗaɗɗiya ta fi sauƙi, ta fi araha.

Inci 10, 12 ko 15?

Mutanenmu suna son 15, don ido ya fi ganin ta. Amma faɗin sifika kaɗai ba ya nuna zurfin sauti, ginin akwatin ne ke yanke hukunci. Guda 2 masu inci 10 sun fi guda 1 mai inci 12 faɗin fuska, sun kusa kamo mai 15. Mai 12 ita ce tsaka-tsaki, kuma akwatinta ke shiga keke ba tare da ya hana ka wurin zama ba. Auna ƙofar abin hawanka kafin ka auna komai.

Mene ne wannan om ɗin da ake rubutawa a baya?

Ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne. Abin da za ka riƙe kaɗan ne. Yawancin ƙananan kawuna ba sa jure ƙasa da om 4. Akwati 2 masu om 8 idan aka haɗa su sun zama 4, daidai ke nan. Akwati 2 masu om 4 kuwa sun zama 2, kan zai yi zafi ya ɗauke, ko ya ƙone. Matsalar ta fi aukuwa a wurin biki, inda wani zai zo da fara'a ya ce bari ya ƙara maka akwati. Duba bayansa tukuna, in babu rubutu ka ce ka gode.

Kuma wayar jita daban, wayar sifika daban, ko da bakinsu iri ɗaya ne. Ta jita siririya ce a ciki, ba ta ɗaukar wutar sifika.

Yaya, ina tsoron janareta. An ce yana cinye irin waɗannan ƙananan.

Tsoronka na kan hanya, ƙanena. A garin nan kusan duk wasa a kan inji ake yin sa, kuma a nan ne tsohon kaya ya fi sabo haƙuri. Babban tiransifoma yana shanye ɗan hawa da saukar wuta. Ƙaramin tsarin zamani yana da da'irar kariya, amma idan wuta ta yi tsalle fiye da kima, ƙananan sassa ne ke mutuwa, irin waɗanda ba kowane mai gyara ke da su ba.

Ba yawan shan wuta ba ne matsalar. Kai mai wat 500 a ainihin wasa ba ya jan ko kusa da haka. Matsalar ita ce abin da kuke raba injin da shi. Ka lura da abin da ke faruwa a wurin dina: an jona firizar lemo, da manyan fitilu, da fankoki, duk a inji ɗaya. Firiza ta tashi, fitilu su dushe, bes ɗinka ya yi shiru na ɗan lokaci. Firiza ta tsaya, wuta ta yi sama. Mafi muni shi ne lokacin da mai ya kusa ƙarewa, injin ya fara tari, yana hawa yana sauka. Da ka ji wannan tarin, kada ka jira ƙarshen waƙa, miƙa hannu ka kashe amfilifayarka.

Abin da nake yi shi ne: amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa. Ba na barin ta a kunne idan za a sauya daga wutar gari zuwa inji ko a ƙara mai. Ina tafiya da ƙaramar mita, in duba soket kafin in jona; wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, in na ga ta yi nisa da haka sama ko ƙasa, sai a gyara tukuna. Ina da sitabilaiza da soket mai kariya daga tsallen wuta. E, sitabilaiza tana mayar maka da wasu kilo daga waɗanda ka rage, amma ta fi sabon kai araha. Sannan wayar jona wuta ta zama mai kauri. Doguwar siririyar wayar nan da ake jawowa daga bayan gida tana zubar da wuta a hanya, har ta yi ɗumi a hannu.

Na samu ta hannu daga Amurka, da araha. In saya?

Juya bayanta ka karanta kafin ka yi maganar kuɗi. Wutar Amurka bolt 120 ce. Wasu kawunan suna karɓar kowace wuta, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240. Wasu suna da ɗan makunni na sauyawa tsakanin 115 da 230. Wasu kuwa 120 kaɗai suka sani, ka jona a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Irin wannan sai da tiransifoman rage wuta, ga shi kuma nauyin da ka gudu ya dawo. In mai makunni ce, saita ta a 230 ka manne wurin da salatif, saboda hannun yara.

Zafin Sakkwato da ƙurar hunturu fa?

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma ƙaramin kai da ƙaramar fanka yake numfashi. Kada ka ajiye shi a rana, kada ka rufe shi da ƙyalle don kare ƙura yana aiki, kada ka manna gefen fankar da bango. Idan ya ɗauke da kansa tsakar rana, yawanci kariyar zafi ce. Bar shi ya huce a inuwa, zai dawo. Barin kaya cikin rufaffiyar mota da rana ma ba ya yi wa gam ɗin sifika da maganaɗisunta daɗi.

Ƙura ta fi zafi ɓarna, don ita a hankali take aiki. Fanka tana zuƙo ta, ta kwanta a kan sassa ta hana su sanyi, ta shiga maɓallan juyawa su fara ƙarar ƙwar-ƙwar. Bayan hunturu a kai wa mai gyara ya buɗe ya hure da bulowa. Kada ka buɗe da kanka, akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an cire soket. Teloli kuma suna ɗinka riga mai kyau ta leda mai kauri da soso a ciki. Kai musu akwatin su auna.

Zan iya zuwa wasa babu amfilifaya sam?

Za ka iya, idan wurin yana da kayan sauti na kirki. Ana amfani da ɗan akwatin DI, wanda ke kai sautin jitarka kai tsaye zuwa mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta aika wa manyan lasifikai. SansAmp Bass Driver na Tech 21 ya daɗe yana wannan aiki, Behringer ma suna da BDI21 mai sauƙin kuɗi. Batir mai bolt 9 ke tafiyar da su, suna shiga aljihun jakar jita.

Amma ka san rayuwarka ta koma hannun mai mikisa. Idan bai ba ka sifikar ƙasa da za ka ji kanka ba, za ka yi ta kaɗawa cikin duhu, sautinka na dawo maka daga bangon gidan maƙwabta a makare. Kuma da yawa daga kayan hayar biki an tsara su ne don DJ da mai waƙa. Hanya mafi kyau ita ce haɗa biyun: ƙaramar amfilifaya kusa da kai don kunnenka, waya kuma ta fita daga ramin DI na bayanta zuwa mikisa don jama'a. Da wannan tsari mai wat 100 ma tana iya yin babban fili. Saboda haka kada ka sayi wadda ba ta da wannan rami mai ƙafa 3. In ka jona ka ji gurnani, danna maɓallin da ke kusa da shi mai yanke layin ƙasa.

Ina da ƙara, amma ana cewa ba a jin abin da nake kaɗawa.

Duba hannun hagun mai fiyano tukuna. A ƙungiyoyinmu ya saba shi ne bes, don shekara da shekaru babu mai jita. Idan ku biyu kuna wuri ɗaya, sauti ya dagule. Ku yi magana cikin mutunci kafin a fara.

Sai maɓallanka. Yara suna murɗa na kauri har ƙarshe su rage na tsakiya, don a ɗaki haka ya fi daɗi. A fili wannan yana cinye wuta, yana wahalar da ƙaramar sifika, kuma ba ya isa ko'ina. Rage kaurin kaɗan, ƙara na tsakiya, sai ka ji ka fito tsakanin ganga da kalangu.

Wurin ajiya ma yana da tasiri. A fili sauti yana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, kuma babu bangon da zai dawo da shi. Idan an tare layi an kafa rumfa, ja akwatinka ya ba katangar gida baya, a ƙasa, ba a tsakiyar titi ba. Katangar za ta ƙara maka kauri kyauta. In ba ka jin kanka, sa ɗan katako a ƙarƙashin gabansa ya kalli kunnenka maimakon gwiwarka.

Kafinta zai iya yi mini akwati mara nauyi?

Zai iya, in ka tsaya a kansa. Kafintocinmu sun saba da katako mai kauri, a ganinsu nauyi shi ne inganci. Filawud mai kyau na milimita 12 ko 15, da sanduna a ciki masu ɗaure bango da bango, ya fi sauƙi kuma ba ya rawa. Guji allon garin katako da ake matsewa, ga nauyi ga kumbura da damina. Girman cikin akwatin da ramin iska kuwa ba a yin su da ka. Kowace sifika tana da awon da masu ƙera ta suka bayar, sauko da shi daga intanet ka kai masa a rubuce.

Tayoyi ba za su magance matsalar ba?

A kan siminti. A rairayin layukanmu ƙananan tayoyi nutsewa suke yi. Mariƙi mai ƙarfi a gefe biyu ya fi su amfani.

Mai batir ko sola fa?

Masu batir na ɗaki ne da ƙaramin zama, ba sa ja da ganga. Inbata kuwa tana tafiyar da ƙaramin kai lafiya lau, muddin mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki. Mai arahar tana sa gurnani.

A ina zan saya, kuma me zan gwada?

Irin waɗannan kaya ba su cika zama a shagunan garin nan ba. Yawanci daga kasuwar Alaba ta Legas suke fitowa, wasu ta Sabon Garin Kano, kuma farashi dala yake bi. Legas kimanin kilomita 1,000 ce daga nan, don haka idan za a saka maka a mota, a naɗe da soso cikin kwali biyu, kuma wani wanda ya san bes ya gwada maka a can kafin a biya. Hoton WhatsApp ba ya nuna sifikar da ke gogawa.

Idan kana gabanta, je da jitarka. Kaɗa tsirkiya mafi kauri da ƙarfi ka saurari ko akwai kaɗawar katako ko shashshaka. Murɗa kowane maɓalli. Bar ta a kunne kamar minti 20 ka ji ko fanka na juyawa. Jona ramin DI da mikisa. Sannan ɗauke ta da hannu ɗaya ka zagaya shagon, jita a bayanka. In ka ajiye kana haki, ba ita ba ce.

In sayar da tsohuwar tawa mai nauyi?

In ba kuɗin kake buƙata don cika na sabuwar ba, bar ta. Tsofaffin nan duk mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya buɗe su ya canza abin da ya ƙone, sassansu suna kasuwa. Sababbin kuwa sau da yawa sai dai a sauya allon gaba ɗaya, a yi odarsa daga Legas ko waje, ka yi makonni kana jira, ga bukukuwan bayan salla sun matso. Ajiye tsohuwar a wurin da kuke atisaye ko a coci, inda ba sai an ɗaga ta ba, ka riƙa kunna ta lokaci-lokaci don kada ta yi tsami. Tsohon akwatin ma duba om ɗinsa. In 8 ne, zai yi maka akwati na biyu ranar babban fili, ka nemi mai baro ya kai maka shi bakin titi.